Sabulun Kyautar Kaka: A Yi Shi A Gida, Amma Da Ma'auni

A Tsaskiya, kamar sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Safana da maƙwabciyarta ta Batsari, kaka ce lokacin da hannun talaka yake buɗewa. Da zarar an ɗaure damman gero an kai rumbu, an cire gyaɗa, an soma roron wake, sai hidimomin da aka jingine tun faɗuwar ruwan shuka su taso gaba ɗaya. A lokacin ne ake ɗaura auren da aka yi alkawari, a kai amare ɗakunansu, mace ta rama bikin da ƙawarta ta yi mata bara, a kuma kai wa surukai da dangi na nesa ɗan abin da gona ta bayar. Sallah tana zagayawa, kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, amma kaka ba ta gusawa daga inda take. Sabo da haka ita ce ainihin lokacin kyauta a karkara.

Duk wanda ya duba kayan da ake kaiwa da kawowa a waɗannan hidimomi zai tarar sabulu ba ya rasa wuri a cikinsu. Yana cikin lefe, yana cikin kayan da uwa take haɗa wa 'yarta, kuma shi ne abin da mace take fara ɗauka idan za ta je barka, domin kowa ya san yawan wankin da yake jiran mai jego kafin ta yi arba'in. Har zuwa yau wannan al'ada ba ta fasa ba. Abin da ya sauya shi ne kuɗin sayensa. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da kuma sakin darajar Naira da ya biyo baya, sabulun kanti ya yi tsada ƙwarai, har matar da ta saba kai guda shida ta koma kai biyu tana sunkuyar da kai.

Ra'ayin da ake son bayyanawa a nan shi ne, ya kamata matan wannan yanki su riƙa haɗa sabulun kyautarsu da kansu, da man da yake samuwa a ƙasarsu, ta hanyar da ba ta bukatar dafawa a wuta. Amma fa da sharaɗi guda, wanda in babu shi gara a bar aikin baki ɗaya: a yi shi da awo, kada a yi shi da ƙiyasi.

Haɗa sabulu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar kanta daga Larabci aka aro ta tun da daɗewa, kuma tsofaffin mata sun san sabulun salo, wanda ake tace ruwan toka, a zuba a kan mai, a yi ta dafawa ana juyawa har ya kama jikinsa ya yi baƙi. Da shi ake yi wa jariri wankan farko a gidaje da yawa har yanzu. Abin da ya ture shi daga kasuwa sabulun kamfani ne. A 1884 wani ɗan kasuwa na Ingila, William Lever, ya fito da sabulun Sunlight, kuma kamfaninsa ya dogara ƙwarai ga manja da alayyadin Afirka ta Yamma. A 1924 aka kafa masana'antar sabulu ta wannan kamfani a Apapa ta Ikko, a 1948 kuma kamfanin PZ ya soma nasa aikin a Aba. A wannan zamani kuwa, tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar manoman Katsina tana gangarawa teku buhu-buhu. Watau mai yana fita da arha, sabulu yana dawowa a naɗe cikin takarda mai walƙiya, har aka wayi gari kai na gida wurin biki ya zama abin kunya.

Waɗanda suka yi wayo a 1984 ba za su manta da dogayen layukan da aka riƙa yi don sayen sabulu da omo da madara ba, lokacin da kayan masarufi suka ɓace daga kantuna. A wannan matsi ne, da kuma na shirin tsuke bakin aljihu da ya zo a 1986, sabulun soda ya cika kasuwannin ƙauye. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987 shi ma ya koya wa mata da dama haɗa sabulu da man shafawa. Sai dai sabulun soda ya bar mummunan suna. Yana cin hannu, yana tsattsage yatsu, yana kashe launin zane, har ya zama ba mai kai shi gidan biki sai wanda yake neman a yi da shi. Mutane suka ɗauka haka halinsa yake. Ba haka ba ne. Sodar ce aka zuba fiye da ƙima, domin mai haɗawa tana son ya daskare da wuri ta kai kasuwa, kuma ba ta da abin da za ta auna da shi sai gwangwani da ido.

Bayanin abin mai sauƙi ne. Sabulu yana samuwa ne idan mai ya haɗu da wani abu mai kaifi irin na ruwan toka. Kaifin da yake cikin toka yana ba da sabulu mai laushi, shi ya sa na salo ba ya yin tauri sosai. Sodar da ake sayarwa a kasuwa, wadda take kama da farin gishiri ko sikari, ita ce take ba da mai tauri wanda ake yankawa sanda-sanda. Idan aka narkar da ita a ruwa aka haɗa da mai, ita da kanta take haifar da zafin da zai gama aikin, ba sai an ɗora tukunya a murhu ba. Wuta ba ta shiga sai ɗan abin da za a narkar da kitse da shi.

Wannan batu na wuta ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen Tsaskiya. Sabulun salo yana cin itace na sa'o'i masu yawa, itace kuwa a wannan yanki daga wajen dajin Rugu aka saba samunsa. Kowa ya san abin da dajin ya zama a shekarun da 'yan bindiga suka mamaye shi, da yadda shiga neman itace ya zama sayar da rai, musamman ga mata da 'yan mata. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Safana da Batsari. An yi zaman sulhu a waɗannan wurare a 2025, amma sulhu ba ya mayar da itatuwan da aka sare, kuma karan dawa da ake ƙonawa a sami toka yana da masu jiransa: dabbobi, da dangar gida, da murhun tuwo. Sana'ar da mace za ta yi a tsakar gidanta ba tare da ta aiki yaro daji ba, lalle ta cancanci a dube ta da idon basira.

Akwai masu cewa bai dace a zuba mai a sabulu ba alhali yara suna kwana da yunwa. Maganarsu tana da nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu sabo da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. A irin wannan hali, matar da ta matse ƙuli-ƙuli ta sami kwalbar man gyaɗa, cikin miyar 'ya'yanta ya kamata ya shiga, ko ta sayar ta sayi hatsi. Amma ba dole ba ne sabulu ya ci abincin kowa. Kitsen shanu da na tumaki da yake saura a wurin mahauta, idan aka narkar da shi aka tace, yana ba da sabulu fari mai tauri wanda ba ya saurin ƙarewa. Bedi, wanda wasu suke kira darbejiya ko dogon yaro, yana zubar da 'ya'yansa a bakin kowace hanya da harabar kowace makaranta, ana share su ana ƙonawa, alhali a ƙasar Indiya inda itacen ya fito an daɗe ana matse mansa ana yin sabulu da shi. Ba a cin man bedi, sabo da haka bai ƙwace wa kowa loma ba. Akwai ƙwallon aduwa da yara suke yarwa bayan sun tsotse. Akwai kuma man da masu ƙosai da awara suka soya har ya yi duhu, wanda ci gaba da cinsa cuta ne, amma idan aka tace shi yana yin sabulun wanki mai kyau.

To, ga inda awo yake shigowa. Kowane mai yana da adadin sodar da yake iya cinyewa, kuma masana sun daɗe da ƙididdige shi. Kilo ɗaya na kitsen shanu yana cin soda wajen giram 140. Na man gyaɗa wajen giram 136, na man kaɗe wajen giram 128, na manja wajen giram 141. Alayyadi ya fi su duka ci, yana haura giram 150, kuma shi ne yake kawo yawan kumfa. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan adadi ba ya zama sabulu, yana nan zaune da kaifinsa yana jiran fatar mai wanka. Shi ya sa masu aikin da hankali suke rage kashi 5 cikin 100 na sodar da lissafi ya bayar, domin ɗan mai ya saura ya tausasa jiki. Ga misali, wadda ta haɗa kitse giram 600, da man gyaɗa giram 300, da man bedi giram 100, soda giram 130 ta ishe ta, a narkar cikin ruwa giram 330. Wannan haɗi zai ba ta sabulu 12 ko 13 masu nauyin giram 100 bayan ya bushe. Idan aka yawaita man bedi warinsa yana fitowa, don haka a na wanka kaɗan ake sawa.

Mai karatu ya lura cewa duk waɗannan alƙaluma na nauyi ne. Kasuwannin karkara kuwa da tiya da gwangwani da kwalba suka saba, kuma nan ne ɓarnar take farawa. Lita ɗaya ta mai ba ta kai kilo ɗaya ba, wajen giram 920 ce. Kwalbar wannan mai sayarwa ba ɗaya take da ta waccan ba. Soda kuma tana shan danshin iska, ta dunƙule, har cikin gwangwani na yau ya bambanta da na gobe. Ɗan ƙaramin ma'auni mai batir, irin wanda ake samu a kasuwar Dutsin-ma ko ta Katsina, ya isa ya raba wannan gardama, kuma mata goma suna iya haɗa kuɗin adashi su sayi guda su riƙa karɓa-karɓa.

Sauran aikin haƙuri ne. Soda ake zubawa a cikin ruwa sannu-sannu, ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasa ta fantsamo a fuska. A yi a fili inda iska take kaɗawa, da safar hannu ta roba da abin kare ido. Kada a kusanci tukunyar alminiyam ko kwanon da aka yi da shi, domin soda tana cin sa. Bokitin roba mai kauri da muciyar da aka keɓe don wannan aiki kaɗai su ne daidai. Idan ruwan sodar ya huce, a zuba shi a kan mai, a yi ta juyawa ba tsayawa har ya yi kauri kamar koko, abin da yakan ɗauki awa guda ko fiye ga mai juyawa da hannu. Sai a juye a akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a rufe da tsumma kwana ɗaya ko biyu, a fitar a yanka. Daga nan kuma sai a jera shi a inuwa, inda iska take ratsawa, mako 4 zuwa 6. Wannan jira shi ne abin da masu gaggawar kai wa kasuwa suke tsallakewa, alhali a cikinsa ne ruwa yake fita, sabulu ya yi tauri ya kuma yi sanyi a jiki. Busasshiyar iskar da take biyo bayan kaka tana taimakawa ƙwarai.

Akwai wata fa'ida da ba kowa ya sani ba. Idan mai da soda suka haɗu, ban da sabulu suna fitar da wani abu mai santsi da ake kira gilisirin, wanda yake riƙe danshin fata. Manyan masana'antu sukan cire shi su sayar dabam, amma a sabulun da aka haɗa ba tare da dafawa ba yana nan a ciki. Ga mutanen da hunturu yake tsattsaga wa dunduniya da leɓe, kyautar irin wannan sabulu a ƙarshen kaka ta zo a kan kari. Gaskiya ne na kitse da man gyaɗa ba ya kumfa kamar na kanti, musamman da ruwan rijiya mai nauyi, kuma mutane sun saba auna kyan sabulu da kumfarsa. Wadda ta sami alayyadi ta sa kaɗan, amma kumfa ba ita ce take fitar da datti ba.

Yanzu kuma sai abin da ya fi komai ban tsoro. Soda guba ce. Idan tana gari kama take da sikari, idan aka narkar da ita kuma ba ta da launi, ba a bambanta ta da ruwan sha. Likitoci a Nijeriya da Gana da Saliyo sun sha ba da rahoton ƙananan yaran da suka sha ruwan soda a gidajen masu haɗa sabulu, galibi domin an ajiye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Yaron da ya sha ba lalle ne ya mutu nan take ba. Maƙogwaronsa ne yake ƙonewa, bayan 'yan makonni ya tsuke, har ko kunu ya gagara wucewa, a shiga jigilar asibiti da aikin fiɗa wanda gidan manomi ba ya iya ɗauka. Idan tsautsayi ya auku, kada a sa yaro ya yi amai, kada a ɗura masa manja kamar yadda aka saba, a garzaya da shi asibiti. Idan a fata ko ido ta zuba, a yi ta kwarara ruwa mai yawa har minti 15 ko 20. Amma daga Tsaskiya zuwa asibitin da zai iya irin wannan aiki tafiya ce, don haka dokar gida ita ce magani: kada a narkar da soda sai wadda za a yi aiki da ita a take, kada a ajiye ta a mazubin abinci ko na ruwa, kuma kada a fara sai an kai yara maƙwabta.

Hukumomi suna da nasu rabon a wannan al'amari. Shekara da shekaru ana tara mata a ba su horon kwana biyu ko uku, a koya musu haɗa sabulun ruwa da magunguna bakwai ko takwas waɗanda dukkansu sai an sayo daga birni, a ba su takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Bayan wata guda kayan sun ƙare, sana'a ta mutu. Da a ce kuɗin rumfa da na abin sha an sayi ma'auni da safar hannu da su, da an fi ganin amfani. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Safana, kuma ba zai gagari malamanta na kimiyya ba su auna man aduwa da na bedi na wannan ƙasa, su fitar da jadawali a takarda guda, da boko da ajami, wanda malaman gona mata na hukumar KTARDA za su raba gida-gida. Ƙaramar hukuma da masu unguwanni kuma su tilasta wa masu sayar da soda su daina ƙulla ta a farar leda ba rubutu kamar gishiri, su kuma daina sayar wa yaron da aka aiko.

Haka nan ya wajaba a ja kunnen masu cusa magungunan sauya launin fata a cikin sabulun amare. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta haramta sabulu mai ɗauke da sinadarin makuri, kuma wadda take son ta wuce kyauta ta shiga sayarwa a kantuna dole ne ta bi ta hannun wannan hukuma. Garin lalle, da kurkum, da zuma kaɗan, da ɗigon turare sun isa ado.

Ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara, tun daga 2008, ita ce ranar wanke hannu ta duniya, kuma a tsakiyar kaka take faɗowa. Bincike ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage cutar gudawa da wajen kashi 30 cikin 100. A 2021 kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Katsina tana cikin jihohin da abin ya taɓa. Gidan da sabulu ya yi wa tsada wankin tufafi yake tanadar wa ɗan guntun da ya samu, hannu kuwa ruwa kawai ake zuba masa. Idan guda goma sha biyu suna jere a kan faifai a ɗakin mai jego, ba wanda zai yi ƙyashin ajiye ɗaya a bakin buta.

Saura lissafin lokaci, wanda ba a iya yi masa dabara. Matar da take da bikin ƙawa a farkon Disamba, ko maƙwabtan Kirista a wajen Malumfashi da Kafur masu shirin Kirsimeti, dole ne a zuba sabulun a akwati kafin Oktoba ta ƙare ko a farkon Nuwamba. Kitse kuwa tun kafin nan ake tara shi, a narkar, a tace, a rufe. Idan ya cika makonninsa, a naɗe kowane guda a takarda maimakon leda domin ya ci gaba da shan iska, a rubuta ranar da aka haɗa shi da irin man da aka sa, a jera a adudu ko kwandon kaba irin wanda matan yankin suke saƙawa da hannunsu.